Mogaji da Akwati: Musayar Kalmomi Tsakanin Hausa da Yarbanci a Ibadan

Duk ɗan Ibadan da ke da burin wata rana ya hau gadon Olubadan, sarkin garin, akwai matakin da ba ya tsallakuwa: sai danginsa sun tsayar da shi Mogaji, wato shugaban gidansu. Daga nan yake shiga layi ya zama Jagun, ya yi ta hawa sannu a hankali, matakai sama da ashirin a al'adance, har in da nisan kwana sarautar ta iso kansa. Bahaushe ba ya neman tafinta kafin ya gane kalmar nan, magajinsa ne bakin Bayarabe ya lanƙwasa. A tsohon tsarin yaƙin Ibadan akwai Seriki, jagoran samarin mayaƙa, a fadojin ƙasar Yarbawa kuma akwai dongari. Sarki ke nan da dogari.

Wanda ya san unguwar Sabo, wadda ke maƙale tsakanin tudun Mokola da filin wasa na Adamasingba, zai yi saurin cewa daga can aka ɗauko su. Ba daga can ba ne. Sabo ta 1916 ce, kalmomin kuwa sun girme ta nesa ba kusa ba.

Hausawa da Yarbawa sun san juna tun zamanin tsohuwar Oyo, birnin da fatake ke kira Katunga, kuma sunan da Baturen nan Clapperton ya rubuta ke nan da ya sauka can a 1826 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ƙarfin Oyo a bayan doki yake, doki kuwa daga arewa yake gangarowa ta Nupe da Borgu, tare da waɗanda suka iya kula da shi. Samuel Johnson, Bayaraben da ya kammala rubuta tarihin mutanensa a 1897 aka buga a 1921, ya ambaci bayi Hausawa a gidajen manyan Oyo suna wanzanci, suna tufkar igiya, suna kiwon shanu. Su ne suka gudu suka bi Afonja na Ilori a wajen 1817, lokacin da ya yi wa Alafin, sarkin Oyo, tawaye tare da Malam Alimi. Abin da ya biyo baya ya rushe Oyo, ya watsa jama'arta kudu. Ibadan daga wannan watsewar ta tashi, sansanin yaƙi ne da ya zama gari a wajen 1829. Mayaƙan da suka cika ta da harshen Oyo suka zo, kuma tuni harshen ya sha kayan arewa. Kai, sunan Yarbawan ma daga arewa aka fara jin sa a rubuce: Ahmad Baba na Tumbuktu ya ambace shi a farkon ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sake ambatarsa a Infaƙul Maisuri, kuma da farko mutanen Oyo kaɗai ake nufi da shi.

Kaso mafi yawa na abin da ya gangara a wancan zamani kayan malamai ne. Alwala ta zama aluwala, albarka ta zama alubarika, liman ya zama lemomu, ladan ya zama ladani, asiri ya zama ashiri, ƙaddara ta zama kadara. Yarbanci ba ya jera baƙaƙe biyu babu wasali a tsakani, ba ya kuma rufe kalma da baƙi, shi ya sa sarki ya koma seriki, albasa ta koma alubosa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda wasu daga cikinsu suka ƙarasa. Da Samuel Ajayi Crowther ya zauna fassara littattafan coci zuwa Yarbanci a tsakiyar ƙarni na 19, bai ƙirƙiro sababbin kalmomi ga addu'a da malamin addini ba, waɗanda ya tarar a bakin mutane ya ɗauka: adura da alufa. Har gobe da su ake ibada a majami'un Ibadan, kuma wani babban reshen Kiristancin Yarbawa sunansa Aladura, masu addu'a. In a ce kalmomin sabbin shiga ne da har yanzu ake jin ƙamshin masallaci a jikinsu, da Crowther bai taɓa su ba. Ɗaukar da ya yi musu shaida ce cewa sun daɗe da zama 'yan gida.

Sai dai kada mu cika baki. Ba duk kalmar Larabcin da ke cikin Yarbanci ce ta bi ta hannun Bahaushe ba. Bajamushen masani Stefan Reichmuth ya nuna a 1988 cewa wasu ta Songhai da Dendi suka shigo, ta hanyar Borgu, kuma alufa na cikinsu, domin alfa ake ce wa malami a Zabarmanci, mu kuwa malam muke cewa. Yarbawa da kansu Imale suke ce wa Musulunci, sunan da ake dangantawa da Mali. Mu ma ɗin da muke ganin mun ba da aro, aro muka yi: Joseph Greenberg ya bi diddigin kalmomin Larabci a Hausa tun 1947, a 1960 kuma ya kawo hujjar cewa rubutu da karatu da kasuwa ta bakin Barebari suka iso mana.

Goro ne ya sauya alƙiblar wannan hulɗa. Shekaru aru-aru Bahaushe yamma yake nufa neman goro, ayari bayan ayari, madugu a gaba, jakuna a jere, zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja inda goron Asante ke taruwa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya ragargaza Salaga a 1892, sai hanyar ta fara mutuwa. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, kuma a irin wannan fataucin Alhassan Ɗantata ya fara tara dukiya. A daidai lokacin manoman Yarbawa na kewayen Agege da Ota da Shagamu suka fara dasa irin goron da arewa ke so, wanda ya bambanta da abata ɗinsu na gargajiya, wanda mu muke kira hannun-ruwa. Sunan da suka sa wa baƙon iri shi ne gbanja. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, shanu na sauka, goro na hawa, Ibadan kuma ta zama mahaɗa.

Kafin a yi Sabo, Hausawan Ibadan a cikin gari suke, a gidajen Yarbawa da ke kewayen kasuwar Oja'ba. Da suka yi yawa sai ƙorafi ya taso, hakiman gari suna zargin cewa ɓarayi na fakewa a cikin baƙi, babu kuma mai iya tantance na kirki da na banza. Hukumar gargajiya da Turawan mulki suka ware fili a bayan gari, aka ce duk Bahaushe ya koma can, a ƙarƙashin Sarkin Hausawa wanda zai san kowa, ya karɓi haraji, ya amsa tambaya in an yi ɓarna. Shekara uku kafin nan, a 1913, an yi irin wannan a Kano, aka keɓe wa mutanen kudu Sabon Gari. Suna ɗaya ne, mazauna ne suka sha bamban: a arewa Sabon Gari na 'yan kudu ne, a Ibadan da Shagamu da Ife da Ogbomosho, Sabo ta 'yan arewa ce. Unguwar Sango ma, inda aka daɗe ana cinikin shanu, zango ne. Yarbanci ba shi da z, a rubuce kuma sai baƙo ya ɗauka sunan gunkin tsawa ne.

Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna a Sabo tsakanin 1962 da 1963, ya ƙidaya mutum 4,184, ya kuma fitar da littafinsa a kan unguwar a 1969. Abin da ya gani shi ne unguwa ce da aka gina a kan amana. Falke ya sauko da shanu daga arewa, ba shi da lokacin ja-in-ja, domin saniyar arewa ba ta daɗewa a kurmi kafin cizon ƙudan tsando ya kayar da ita. Mahautan Yarbawa kuwa ba su da tsabar kuɗi, sai sun yanka sun sayar. To wa zai ba wanda bai sani ba saniya bashi? Nan maigida yake shigowa. Shi zai sauki falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillalinsa wanda ya san kowane mahauci da halin biyansa, ya kuma tsaya a kan bashin. In mahauci ya ci amana, kunya da asara na maigida ne. Kusan shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Ibadan duk shekara a lokacin, akasari a kan wannan tsari. Goro ma haka: a tsince shi, a ware fari da ja, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa ana duba tsutsa ana canza ganye har ya kai hannun mai shi a arewa. Aiki ne da ba a ba wanda ba a yarda da shi ba.

Saboda haka mutanen Sabo suka riƙe Hausancinsu kam-kam, har Cohen ya ga kamar sun fi na gida riƙo. Riga da hula, abinci, harshe, duk ba su saki ba, kuma ba sa ba Bayarabe aure. Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai a farkon shekarun 1950, ikon da Turawa suka ba Sarkin Hausawa ya fara raurawa, sai unguwar ta rungumi Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, a 1952 kuma ta daina zuwa babban masallacin gari, ta tsayar da Juma'arta. Katanga ce aka gina da gangan, don ita ke kare kasuwa.

Amma dubi abin da ya bi ta kan katangar ya nufi arewa, a cikin taragon jirgi da bayan manyan motoci, daga Sabo da sauran zangunan kurmi da kuma bakin ma'aikatan reluwe da akawunan kantuna. Ashana ishana ce, daga kalmomin Yarbanci biyu masu nufin ƙyasta wuta. Akawu akowe ne, marubuci. Agogo a Yarbanci ƙararrawa ce kafin ta zama abin duba lokaci. Keke, gyale, oga, alade, teba, agushi, alala, duk daga can ne. Titi kalmar Ingilishi ce da ta kwana a bakin Bayarabe kafin ta iso Kano. Anko da matanmu ke fitarwa a biki ma haka, daga rubutun da ke jikin allunan kamfanonin Turawa ta fito, ta bi ta Ikko. Asusu kuwa, wanda masana da yawa ke dangantawa da esusu, adashin Yarbawa, ya yi girman da yanzu da shi gidajen rediyo ke kiran Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Yaya aka san ta wace hanya kalma ta bi? Akwai wata alama da kowa zai iya gwadawa da bakinsa. Harafin p na rubutun Yarbanci ba p ɗin Turawa ba ne. Sauti ne da ake yi da rufe leɓɓa da bayan harshe a lokaci guda, kp, kuma yana da ɗan'uwa, gb. Hausa ba ta da su, sai ta raba su gida biyu, ta riƙe na bayan harshe, ta mayar da na leɓe w. Ka ce wa ɗan Kano ya maimaita apoti yadda mai sayar da shi a kasuwar Dugbe ke faɗa, akwati zai fito. Pali, kwali. Paki, wato rogo, ya ba mu garin kwaki. Patako ya zama katako, ko da yake a nan w ɗin ya faɗi. Gbanjo ya zama gwanjo, agbalumo ya zama agwaluma. Mafi daɗin misali shi ne kwano. Asalinsa kalmar Ingilishi ce mai farawa da p, kuma da kai tsaye daga bakin Bature muka karɓe ta, da f za ta fara, kamar yadda muka yi da fam da fensir da fasinja. Tunda kw ta fito, to ta biya ta wurin masu cewa panu. Wannan kw ɗin tamkar tambarin tasha ne a jikin buhu, yana gaya maka inda kaya suka kwana.

In aka jera kason biyu sai a ga ba iri ɗaya ba ne. Abin da ya gangara kudu sarauta ce da addini da tufafi da kayan dawa: danshiki daga ɗan ciki, rakunmi, fitila, tuwo, fura, suya, kilishi, kara ta shanu, goje da ake gogawa a kiɗan sakara, har da waka, salon waƙar matan Musulmin Yarbawa da Batile Alake da Salawa Abeni suka yi suna a kansa. Sai wahala, wadda daga Yarbanci da Hausa ta faɗa Turancin kasuwa ta zaga duniya. Abin da ya haura arewa kuwa kayan kanti ne da ofis da tasha, abubuwan da suka sauka a gaɓar teku Bayarabe ya riga mu gani ya sa musu suna. Na farkon ya faro tun zamanin doki, na biyun zamanin jirgin ƙasa ne.

A yau an fi sanin Sabo da 'yan canji. Ka rage gudu a bakin titi, kafin ka sauke gilashi wani ya leƙo: "Alhaji, dala ce ko fam?" Ita dalar nan ta fi kowa dogon zango. A wajen 1520 aka fara buga wani kuɗin azurfa a kwarin Joachimsthal na ƙasar Bohemiya, masu Jamusanci suka gajarta sunan suka ce taler, ya zama dola a Ingilishi, ya iso mu. Kakanninmu sule biyu suke ce wa dala, a Maraɗi da Damagaram kuma har yanzu tamma biyar ce dala.

Zancen Jamusanci ya kawo mu ga wata unguwar baƙi da ta yi kama da Sabo. A 1652 sarkin Rasha Aleksei ya umarci Turawan yamma da ke Mosko su fita daga cikin gari su koma wata unguwa a bakin kogin Yauza, don kada su gurɓata addinin mutane. Unguwar Jamusawa aka riƙa kiran ta. Ɗansa Peter can ya riƙa zuwa yana saurayi, can ya yi abota da Franz Lefort da Patrick Gordon, da ya riƙe mulki kuma ya buɗe ƙofa, kalmomin Jamusanci da Holanci suka kwararo cikin Rashanci ta hanyar soja da jiragen ruwa da ofisoshi. Galstuk, abin ɗaura wa wuya, da parikmaher, mai gyaran gashi, da shlagbaum, sandar tare hanya, da buterbrod, burodi mai ɗauke da abin haɗi, duk Jamusanci ne. Bambancinmu da su a wajen bincike yake. Tun 2004 Rashawa suka buɗe babban rumbun rubuce-rubucen harshensu a intanet, miliyoyin kalmomi daga littattafai da jaridu da wasiƙu na ƙarnoni, kowane rubutu da shekararsa. Mai bincike zai buga kalma ɗaya, kwamfuta ta nuna masa inda ta fara ɓulla, a bakin wa, yaushe ta yawaita, yaushe ta ture ta gida ko ta gida ta ture ta.

Mu abin da muke da shi na auna shekarun kalma, ƙamusoshi ne, kuma tarihinsu a sarƙe yake da na Yarbanci tun farko. Crowther da Bajamushen mishan James Frederick Schön tare suka shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841, a 1843 kuma kowannensu ya fitar da jerin kalmomi, ɗaya na Yarbanci, ɗaya na Hausa. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A bakin 'yantattun bayi a Saliyo ya koya, daga baya kuma a bakin Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila, har ya fitar da ƙamusunsa a 1876. Sai na Robinson a ƙarshen ƙarnin, na Mischlich a 1906, sai babban na Bargery a 1934. R. C. Abraham, wanda ya yi aiki tare da Bargery, ya fitar da nasa na Hausa a 1949, sannan ya juya ga Yarbanci ya fitar da ƙamusunsa a 1958. Mutum ɗaya, harsunan biyu, shi ya sa har yanzu mai bin sawun waɗannan kalmomi ba ya rabuwa da littattafansa. Amma ƙamus hoto ne na shekara ɗaya. Yana iya gaya maka kalma ta riga ta shigo, ba ya gaya maka sau nawa ake faɗin ta ko su wa ke faɗa. A jarida ma Yarbanci ya riga mu da shekara tamanin: Iwe Irohin ta fito a Abekuta a 1859, Gaskiya Ta Fi Kwabo sai a 1939, kuma kwabon da ke cikin sunanta shi ma aro ne, ɗan'uwan kobo da ya hau kuɗin Najeriya a 1973.

Ƙidaya mafi tsari da aka yi mana a birnin Leipzig na Jamus aka yi ta. A wani aiki da aka buga a 2009, an ɗauki ma'anoni 1,460 aka duba yadda harsuna 41 ke faɗin su. Ari Awagana, ɗan Nijar, da Ekkehard Wolff da Doris Löhr ne suka yi ɓangaren Hausa, aka samu kimanin kashi 22 cikin ɗari na kalmomin aro ne. Ingilishi kashi 41 ya samu. Masu kukan cewa aro zai kashe Hausa sai su dubi wannan lissafi da kyau.

Yanzu matasan masana kwamfuta, irin ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP, suna tara rubutun Hausa mai yawa, har a 2022 aka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin kasuwa. Aiki ne mai kyau, sai dai akasarin Hausar da ke intanet ta gidajen rediyo ce da jaridu, daidaitacciya, mai bin karin Kano. Hausar jikan falken da aka haifa a Sabo, wanda ke ciniki da Yarbanci a kasuwannin Bodija da Shasha ya dawo gida ya yi wa kakarsa Hausa mai ɗauke da karin garin da ya tashi, ba ta cika hawa shafi ba, in ta hau ma edita zai goge ta. Ga kuma matsalar rubutu: mai buga waya ba ya sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, Bayarabe ba ya sa ɗigo da alamar karin sauti, sai kwamfuta ta haɗa Sango na shanu da na tsawa, ta ƙirga su abu ɗaya.

Kayan aikin kuwa suna nan kusa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954, a harabar Jami'ar Ibadan yake, tafiyar 'yan mintoci daga Sabo, kuma a can fayilolin lardin Oyo suke, da koke-koken da aka riƙa kai wa Razdan a kan sarautar unguwa da cinikin goro da shanu. Ɗakin karatun jami'ar na da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1950. Sauran suna hannun iyalan masu gidaje da malaman unguwa: littattafan bashi, wasiƙun da aka riƙa aikowa da su tare da huhun goro, da dattawan da suka ga Sabo kafin 'yan canji su cika bakin titi. Su ya kamata a fara ɗauka a faifai, a rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, ba tare da an gyara musu zuwa Hausar Kano ba.